Tsadar Zama Almajiri

Kafin ku shiga wannan darasi, bari ɗaya daga cikinku ya tashi ya karanta Luka sura 14, daga aya 25 zuwa 35, da murya mai ƙarfi, a hankali kuma, domin tsofaffi da waɗanda ba su iya karatu ba su ji sosai. In ya gama, kada kowa ya yi saurin buɗe baki. Gama wannan wuri ba irin wanda a ke ji a ce amin nan da nan ba ne. Mu da aikinmu shi ne juya Maganar Allah daga wani harshe zuwa wani, mun sha zama a kan waɗannan ayoyi kwana da kwanaki, muna neman hanyar da za mu sassauta su ba tare da mun yi ƙarya ba, ba mu samu ba.

Ga yadda abin ya faru. Yesu yana kan hanyarsa zuwa Urushalima, taro mai yawa yana biye da shi. Kowane malami yana murna da yawan jama'a, balle wanda manyan gari su ke neman ransa. Amma shi sai ya juya ya fuskance su, ya faɗa musu maganar da ta isa ta kore yawancinsu. Sau uku ya ambaci irin mutumin da ba shi da iko ya zama almajirinsa: wanda bai ƙi iyayensa da iyalinsa da 'yan'uwansa har da ransa ba, da wanda bai ɗauki gicciye ya bi ba, da wanda bai rabu da dukan mallakarsa ba. To, daidai ne a nemi wannan daga wurin ɗan adam? Ashe ba Allah ne da kansa ya ba da doka a girmama uwa da uba ba? In kuwa ceto kyauta ne, kamar yadda mu ke koyarwa kowace Lahadi, me ya kawo maganar tsada?

Mu fara da sunan da a ke kiranmu da shi. Kalmar da Luka ya rubuta da Helenanci, ma'anarta mai koyo ne kawai, ɗan makaranta. Sa'ad da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito dukansa a 1932, da kalmar almajiri suka yi aiki. Masana harshe sun ce daga Larabci ta fito, daga sunan wanda ya yi hijira, watau wanda ya bar gida da gari. A ganinmu, a nan Hausa ta fi Helenanci faɗin gaskiyar abin. Kowa ya san almajiri. Ya bar ɗakin uwarsa da allo da ƙoƙo, ya bi malam inda malam ya nufa, ya kwana inda aka ce a kwana. Ba shi ne ke zaɓen gari ba, ba shi ne ke zaɓen tuwo ba. (Ba yabon wahalar yara a kan titi mu ke yi ba, wannan wata magana ce dabam, mai nauyi kuwa.) Abin da mu ke nufi shi ne, duk wanda ya ce shi almajirin Yesu ne, da bakinsa ya riga ya shaida cewa ya bar wani wuri, kuma ba shi ne ke riƙe da ragamar tafiyar ba.

Yanzu sai kalmar nan mai ɗaci, ƙi. Ba mai juyi ne ya tsananta ta ba. Haka ta ke a Helenanci, ba mu kuwa da ikon canja ta. Amma Yesu Bayahude ne, yana magana da Yahudawa, su kuwa suna da tasu hanyar faɗin abu. Ku buɗe Farawa sura 29. Aya 30 ta gaya mana Yakubu ya fi son Rahila da Lai'atu, aya 31 kuwa nan take ta kira Lai'atu wadda aka ƙi. Amma Yakubu bai kore ta ba. Ta haifa masa 'ya'ya maza 6 da mace ɗaya. Ashe a bakin Ibraniyawa, wanda aka ƙi shi ne wanda aka sa a baya ran da zaɓi ya zo. Matta 10:37 ya faɗi maganar a fili, inda laifin shi ne mutum ya fi son iyayensa ko 'ya'yansa da Kristi. Shi Yesu ɗin nan kuma shi ne ya tsauta wa Farisiyawa cikin Markus sura 7, domin sun ƙyale mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah, ya hana wa iyayensa taimako da wannan hujja. Yana rataye a kan gicciye ma bai manta da uwarsa ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirin da ya ke ƙauna. Bulus kuwa, cikin 1 Timoti 5:8, ya lissafta wanda ba ya kula da iyalinsa kamar wanda ya musunci bangaskiya.

Da wannan bayani mun rufe ƙofa ɗaya. Saurayin da ya sami aiki a birni, yana cin albashi, tsohuwarsa tana ƙauye ba ta ganin ko sisinsa, sa'an nan ya ce ya bar kome sabili da Ubangiji, wannan ba almajiri ba ne, ɗan banza ne mai ɓuya a bayan aya. Amma mu yi hankali kada bayanin ya buɗe wata ƙofa wadda ta fi wannan faɗi. Akwai irin bayanin da a ke yi wa Maganar Allah har a wanke ta tas, ba sauran gishiri a ciki. In mun ce ma'anar ƙi ita ce a sa a baya, kada kowa ya yi ajiyar zuciya ya ce, ashe abin da sauƙi. Ranar zaɓi tana zuwa da gaske. Uba ya kira ɗansa ya ce, ga akuya, kai ne babba, kai za ka yanka a wurin tsafin gidanmu, in ba haka ba kai ba ɗana ba ne. Ko kuwa dangi su taru su ce wa yarinya, ko ki bar wannan hanya ko ki bar gidan nan. A ranar ba bayanin Helenanci da zai rage zafin abin.

Me almajiri zai yi? Abu ɗaya zai ƙi, watau sujada ga wanin Allah da musun sunan Kristi. A cikin sauran abu duka sai ya ƙara biyayya. Shi ne zai riga kowa zuwa gonar uban, shi ne zai durƙusa ya gaishe shi da safe ko ba a amsa ba, shi ne zai ɗauke shi zuwa asibiti ran da ciwo ya kama shi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma Kristi bai zo ya rushe wannan ba. Mun lura cewa wanda ya rabu da danginsa bai ji ciwo ba, har yana ba da labarin da alfahari, yawanci ba sabili da Kristi ya rabu da su ba. Da ma yana neman hanyar fita. Wanda ya biya da gaske, da hawaye ya biya, bai kuwa daina sa ran ranar sulhu ba.

Maganar gicciye kuma, sabo ya rage mata kaifi a kunnenmu. Muna ganinsa a bisa rufin ɗakin sujada, mata suna rataya shi a wuya. Mutanen da Yesu ya yi wa magana ba haka suka san shi ba. A shekara ta 4 kafin ƙidayar shekarunmu ta fara, bayan mutuwar Hirudus Babba, Yahudawa suka yi tawaye. Barus, gwamnan Romawa na Suriya, ya zo da rundunarsa ya ƙone Zifforis, garin da bai fi kilomita 6 daga Nazarat ba, ya kuma gicciye mutum wajen 2,000, bisa ga labarin Yusufus, Bayahude marubucin tarihi. Cikin taron nan da ke bin Yesu ba za a rasa tsofaffin da suka ga wannan da idonsu ba. Sun san cewa wanda aka gani da gungume a kafaɗa, sojoji na gaba da baya, ba dawowa zai yi ba, ba kuwa da daraja zai mutu ba, gama hukuncin bayi da 'yan tawaye ne.

Saboda haka ba daidai ba ne mu kira kowace wahala gicciye. Ciwon baya, da fari da ya cinye gona, da miji mai faɗa, waɗannan suna samun mai bi da marar bi, Allah kuwa yana ba da taimako a cikinsu. Gicciye shi ne abin da ya same ka domin kana bin Yesu, wanda da za ka faɗi kalma ɗaya ta musu, da an ɗauke maka shi. A watan Janairu na 1920 ba wanda zai yi tsammani, amma shekara 100 bayan haka, a Janairu na 2020, 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi na ekklesiyar EYN a Michika, cikin Jihar Adamawa, suka kashe shi cikin wannan wata. Irin wannan bai zama labarin zamanin dā kaɗai ba. Duk da haka yawancinmu ba takobi ne zai gwada mu ba. Cikin Luka 9:23 an ƙara cewa ɗaukar ta kowace rana ce. Mai awo a kasuwa da ya ƙi tauye mudu, abokan sana'arsa suna cin riba suna yi masa dariya. Akawun da ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, aka wuce shi shekara da shekaru ba ƙarin girma. Gwauruwar da ta ƙi kai ɗanta wurin boka ko da shi ke surukai sun ce ita ce za ta kashe shi. Ba mai rubuta labarinsu. Wani lokaci mutuwar sau ɗaya ta fi wannan sauƙi, gama ita ba a sake ta gobe.

Sai misalin mai gini da na sarki mai shirin yaƙi. Wannan kowa ya gane shi. Ba garin da ba shi da kango: mutum ya tasar wa soro da rani, ya kai bango ƙirji, kuɗi suka ƙare, damina ta zo ta zubar da shi, yara suna wasa a ciki, masu wucewa suna nuna shi da baki. Yesu ya ce a zauna tukuna a yi lissafi. Amma a nan akwai ƙulli, kada mu tsallake shi. In mutum ya zauna ya yi lissafi da gaskiya, ya ga abin da ke hannunsa bai isa ba, sai ya fasa bin Yesu ke nan? Wane ne kuwa a cikinmu zai yi wannan lissafi ya ga ya isa?

Ku tuna da samari 3 da suka sauka a Ikko ran 4 ga Disamba, 1893: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, ba wata babbar ƙungiya a bayansu, kuɗinsu kaɗan ne. A lokacin ba a ma tabbatar da cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin da ke kashe baƙi ba. Sai a 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro. Bingham ya kwanta ciwo a Ikko, sauran biyun suka nufi arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida ba tare da ko mutum ɗaya da ya tuba ba. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kore shi. Sai a 1902 aikin ya kafu a Pategi, daga wannan tushe kuwa ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Duk wanda ya dubi al'amarin a 1895, kango zai gani, ya ce ga waɗanda suka fara gini ba su yi lissafi ba. Ba za mu ce kowace dabararsu mai hikima ce ba. Amma wane lissafi ne suka yi? Ba su ce ƙarfinmu ya isa ba. Sun dubi abin da tafiyar za ta iya ci, har da rai, suka yarda.

Ga kuma ɗaya gefen. Wajen shekara ta 155 aka kashe Polikarpus, dattijon ekklesiyar Samurna, bayan ya yi shekara 86 yana bauta wa Kristi. 'Yan'uwan da suka rubuta labarin mutuwarsa sun ambaci wani mai suna Kwintus, mutumin Firijiya, wanda ya kai kansa gaban mahukunta ba a neme shi ba, har ya zuga waɗansu. Da ya ga namomin jeji sai tsoro ya kama shi, ya yi musu. Polikarpus kuwa da fari ya fita daga gari ya ɓuya a ƙauye bisa ga roƙon 'yan'uwa, amma da aka kama shi bai ja da baya ba. Bitrus ma a daren jibin ƙarshe ya yi lissafi ya ga ya isa, har kurkuku har mutuwa. Kafin zakara ya yi cara ya yi musu sau uku. Ashe wanda ya ƙidaya ƙarfinsa ya ga ya isa, shi ne ya fi kusa da faɗuwa. Neman wahala da gangan ba bangaskiya ba ce, Ubangiji da kansa ya yarda wa almajiransa su gudu zuwa wani gari in an tsananta musu. Bitrus kuma, bayan ya koyi darasinsa, ya gargaɗe mu cikin wasiƙarsa ta fari, sura 4, kada mu sha wuya domin sata ko shisshigi sa'an nan mu ce tsanani ne. Mai bi da ya zagi addinin maƙwabcinsa aka mare shi, bakinsa ne ya jawo masa.

To, lissafin na mene ne? Amsar tana aya 33. Kalmar da aka juya da rabuwa, ita ce Luka ya yi aiki da ita cikin sura 9, aya 61, inda wani ya roƙi izini ya je ya sallami mutanen gidansa. Ban kwana ke nan. Lissafin ba na auna ƙarfinmu ba ne, na bincike ne ko akwai abin da muka ɓoye a ƙarƙashin tabarma, muka ce wa Ubangiji, kome naka ne ban da wannan. Shi ya sa bai nemi abu iri ɗaya daga wurin kowa ba. Ya ce wa shugaban nan mai arziki ya sayar da kome. Zakka ya ba da rabi, aka karɓa. Lidiya ta riƙe gidanta ta mai da shi masauƙin manzanni. Filibus mai bishara ya zauna a Kaisariya da 'ya'yansa mata 4. Dukansu an nemi su yi ban kwana, amma ba duka aka karɓe wa kayan nan take ba. Abin da ya rage a hannunmu ajiya ce, mai ajiya kuwa ba ya gardama ran da mai kaya ya aiko.

Yanzu za mu iya amsa maganar kyauta. A ce ruwan Binuwai ya cika da damina, ya ɗebi mutum da ƙullin kayansa a rungume. Masunci ya matso da kwalekwale ya miƙa masa sanda. Ba zai iya kama sandar ba sai ya saki ƙullin. Ya saki, ya kama, ya tsira. Da ƙullin ya sayi ceton? Ko kaɗan, masunci bai ga ko tsinke daga ciki ba, ruwa ne ya tafi da shi. Amma kuma ƙarya ne a ce tsirar ba ta ci masa kome ba. Haka alherin Allah ya ke. Ba a sayensa, gama an riga an biya da jinin Kristi, amma ba a karɓarsa da hannu cike.

Akwai sauran magana ɗaya wadda ba ta yi mana daɗin faɗi, domin ta shafe mu. Ba kowane nauyi da aka ɗora wa sababbin masu bi ne ya fito daga wurin Kristi ba. Masu aikin mishan da yawa, da kyakkyawar niyya, sun haɗa bishara da al'adar ƙasarsu, suka sa mutane su yar da suna da kiɗa da tufafin da ba su da laifi, mutum ya zama baƙo a garin ubansa ba dalili. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zancen mai mata da yawa. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth ya yanke a 1888 cewa kada a yi wa irin wannan mutum baftisma muddin yana tare da matansa, ekklesiyoyi da yawa kuma suka bi wannan hanya. Sai mutum ya sallami mata biyu ko uku, aka karɓe shi da murna, aka ce ya biya tsada mai yawa. Amma wa ya biya? Matan da aka kora ba laifi, da 'ya'yan da suka tashi ba uwa a gida. A 1988 taron Lambeth ya sake duban maganar, ya yarda a yi wa mutumin baftisma da sharaɗi kada ya ƙara aure, kada kuma a tilasta masa ya kori kowa. Ekklesiyoyi ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba, ba kuwa nufinmu mu yanke muku hukunci a nan ba. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, gicciyen da Yesu ya ambata na mai bin ne, a kafaɗarsa. In tsarkinmu ya sa wani marar ƙarfi yana kuka, ya kamata mu sake bincike ko namu muka ɗauka, ko kuwa mun ɗora wa wani.

Ku buɗe Markus 10:29-30 kuma. Can Yesu ya yi alkawari cewa wanda ya bar gida ko dangi ko gona sabili da shi zai sami riɓi ɗari tun a wannan zamani, tare da tsanani, sa'an nan rai na har abada. Daga ina waɗannan gidaje da uwaye da gonaki za su fito? Ba daga sama za su faɗo ba. Gidajenku ne, ku da ke zaune a wannan aji. Sau da yawa mun ga an yi wa saurayi baftisma da waƙa da guɗa, da yamma ta yi kowa ya koma gidansa, shi kuwa an riga an fitar masa da tabarmarsa waje. In ekklesiya ta yi masa wa'azin tsada ta bar shi ya kwana a rumfar kasuwa, ta mai da alkawarin Ubangiji abin ba'a a idon dangin da suka kore shi.

Saboda haka kafin ku tashi yau, dattawa da shugabannin zumuntar mata su zauna su yi nasu lissafin, da sunaye. In an kori wani daga gidansu a makon nan sabili da Kristi, a ɗakin wa zai kwana? Wa zai ba shi gona kafin shuka? Wa zai tsaya masa a matsayin uba ran da zai nemi aure, wa kuma zai raka shi, in hankali ya kwanta, ya je ya gai da mahaifinsa?